Darasi Na Goma Sha Huɗu: Sanyin Da Ke Zagaya Ɗakuna

Wannan darasi na manya ne, maza da mata, masu aure da masu shirin yinsa. Maganar da ke cikinsa tana da nauyi a baki, amma tilas a faɗe ta, gama rashin faɗinta ya sa gidaje da yawa cikin wahala da ɓarnar kuɗi, har da rabuwar aure. Sai ku karanta a hankali, sashe bayan sashe. Wanda bai gane wata kalma ba ya tambayi malaminsa.

1. Sanyi iri iri ne

Duk wanda ya ratsa kasuwar Sabon Gari ko tashar Kwangila ya ji masu magani suna shela da lasifika, suna cewa ga maganin sanyi, na maza da na mata. Ga yadda su ke faɗi, sai ka ce sanyi cuta ɗaya ce, maganinta kuwa ɗaya. Wurin likita ba haka abin ya ke ba. Abin da mu ke kira sanyi cututtuka ne dabam dabam, kowace da abin da ke kawo ta, kowace kuma da maganinta.

Akwai wanda ke sa mace ƙaiƙayi da farin abu mai kauri kamar kindirmo. Wannan wani irin fumfuna ne ke kawo shi, ya kan kuma sami mai ciki da mai ciwon sukari ko da ba a sadu da kowa ba. Akwai wanda ke sa namiji zafin fitsari da fitar mugunya, shi ne likitoci ke kira gwanoriya. Akwai kuma tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda a ke ɗauka wajen wanka ko wanki a rafi da kududdufi, ita ma wasu su kan haɗa ta da sanyi.

Yau za mu yi magana a kan guda ɗaya daga cikinsu, wanda wani ɗan ƙwaro mai suna tirikomonas ke kawowa. A takardar asibiti a kan rubuta sunansa haka: Trichomonas vaginalis. Ku riƙe kamannin wannan rubutu, domin in kun gan shi a takardar gwaji ku shaida shi.

Kada ku zaci cuta ce ta mutane kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an kamu da ita sau miliyan 156 a duniya, tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49. A wannan shekara ɗin gwanoriya miliyan 82 ce. Cikin cututtukan da a ke ɗauka ta saduwa waɗanda magani ke warkarwa sarai, babu wadda ta kai ta yawa.

2. Ƙwaron da kansa

Ido ba ya ganinsa, sai da madubin likita. Ku ɗauki rula ku dubi tsaga mafi ƙanƙanta da ke jikinta, watau milimita ɗaya. In an jera waɗannan ƙwari kai da gindi, sai guda hamsin ko ma ɗari sun haɗu kafin su cika wannan 'yar tsaga.

Jikinsa mulmulalle ne kamar ƙwai, yana da 'yan gasu huɗu a gaba da wani guda ɗaya kwance a gefe. Da su ya ke iyo. Wanda ya leƙa madubi zai gan shi yana motsi, yana zabura cikin ruwa. Wani likita Bafaranshe mai suna Alfred Donné shi ne ya fara ganinsa ya bayyana shi, a birnin Faris, cikin shekarar 1836.

Ba ya ƙwai, ba ya haihuwa irin ta dabba. In ya ƙoshi sai ya rabu biyu, biyun su zama huɗu, huɗun su zama takwas. Da haka 'yan kaɗan su ke cika wuri cikin kwanaki.

Ba shi da mazauni sai jikin ɗan Adam. A jikin mace ya kan zauna cikin farji da hanyar fitsari. A jikin namiji ya kan zauna cikin hanyar fitsari, wani lokaci ya haura can ciki. Yana son ɗumi da danshi. In ya fito waje ya bushe sai ya mutu.

3. Yadda a ke ɗaukarsa

Da ya ke ƙwaron ba ya jure bushewa, hanyarsa daga jiki zuwa jiki ita ce saduwar namiji da mace. Miji ya ba mata, mata ta ba miji.

Ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko cin abinci kwano ɗaya, ko shan ruwa da moɗa ɗaya. Sauro ba ya kai shi. Shan ruwan randa da wanka da ruwan sanyi da zama a kan siminti ba su kawo shi, ko da ya ke sunan da mu ka ba cutar ya sa mutane suna tsammanin haka. Ba kuma gādonsa a ke yi ba. Akwai jariri jefi jefi da kan ɗauka wajen haihuwa in uwar tana da shi, amma wannan bai cika faruwa ba.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan masai, har a na ce da shi cutar bayan gida. Gaskiya ne ƙwaron ya kan yi ɗan lokaci da rai a jikin jiƙaƙƙen tsumma ko tawul, saboda haka bai kamata mutum biyu su riƙa goge gaba da abu ɗaya ba. Amma tsugunno a masai ba shi ne hanyarsa ba. Tsabtace masai abu ne mai kyau, yana tsare mu daga zawo da tsutsar ciki. Sai dai wanda ya wanke masai ya bar maigida ba magani bai taɓa wannan cuta ba tukuna.

4. Alamominsa

Abu na fari da za ku riƙe shi ne, yawancin masu ɗauke da shi ba su jin kome. Cikin mutum goma, wajen bakwai ba su da wata alama. Suna cin abincinsu, suna aikinsu, suna kuwa ba da cutar ga abokan kwanciyarsu ba su sani ba. Maza sun fi yawa cikin waɗannan.

Waɗanda ya nuna a jikinsu, ya kan fara ne tsakanin kwana 5 da kwana 28 bayan ɗauka. Wasu kuma sai bayan watanni.

Ga mace, alamomin su ne:

(a) Ruwa mai yawa yana fita ta gaba, tsinkakke, wani lokaci da kumfa, launinsa ruwan ɗorawa ko ya yi kore kore.
(b) Ƙarni, irin na kifi.
(c) Ƙaiƙayi da raɗaɗi, gaban ya yi ja ko ya kumbura.
(d) Zafi wajen fitsari.
(e) Zafi lokacin saduwa.

Ga namiji kuwa, in ya nuna:

(a) Ƙaiƙayi ko sosa a cikin hanyar fitsari.
(b) Raɗaɗi bayan fitsari ko bayan fitar maniyyi.
(c) Ɗan farin ruwa a bakin gaba, musamman da safe.

Alamomin su kan lafa su dawo. Mace ta ga sauƙi sati biyu, ta ce ta warke, bayan ta gama al'ada abu ya sake tashi. Lafawa ba warkewa ba ce. In ba a sha maganinsa ba, ƙwaron yana iya zama a jikin mace watanni, har shekaru.

Ku lura kuma, kowace mace mai lafiya tana da ɗan danshi fari ko garai garai, marar wari, marar ƙaiƙayi, wanda ke ƙaruwa ya ragu bisa kwanakin wata. Wannan halitta ce, ba ya bukatar magani. Abin da ke sa a tafi asibiti shi ne sākewar launi, ko wari, ko ƙaiƙayi, ko zafi.

5. Ɓarnar da ya ke yi

Wani zai ce, cutar da ba ta kwantar da mutum, ina abin tsoro a cikinta? To, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ga ɓarnarta.

Ta fari, ga mai ciki. Ciki ya kan cika a wajen mako 40. Likitoci sun lura matan da ke ɗauke da wannan ƙwaro sun fi sauran mata yawan fashewar faya tun lokaci bai yi ba, da haihuwa kafin mako 37, da haihuwar jaririn da nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba. Duk wadda ta taɓa renon bakwaini ta san wahalarsa. Ba ya iya kama nono sosai, sanyi na saurin kama shi, numfashi na ba shi wuya, sau da yawa kuma sai an kwantar da shi a asibiti. Ba kowace mai wannan cuta ce za ta haifi bakwaini ba, ba kuma kowane bakwaini ne wannan cuta ta kawo ba. Amma tana cikin abubuwan da ke ƙara hatsarin. Mai ciki tana iya shan maganin bisa umurnin likita, ya kuwa kashe ƙwaron. Abin da ya fi shi ne a rabu da cutar tun ba a ɗauki cikin ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta biyu, tana buɗe wa ƙanjamau ƙofa. Fatar cikin farji, in tana da lafiya, kamar bango ta ke, tana tare ƙwayoyin cuta gwargwadon iko. Wannan ƙwaro yana manne mata, ya sa ta kumbura, ta yi 'yan ƙananan raunuka masu tsatsafar jini waɗanda ido ba ya gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ɗauke da wannan ƙwaro ya fi wanda ba shi da shi hatsarin ɗaukar ƙwayar ƙanjamau sau ɗaya da rabi. Watau inda mutum biyu marasa ƙwaron za su kamu, masu ƙwaron uku ne za su kamu. Haka kuma wadda ke da ƙanjamau, in ta haɗa da wannan, ta fi saurin ba mijinta. An fara ba da labarin ƙanjamau a Nijeriya a 1986. Babban ƙidayar da a ka yi a 2018 ta nuna cikin manya dubu, 'yan shekara 15 zuwa 49, wajen goma sha huɗu na ɗauke da ita. Saboda haka maganar ba ta nesa ba ce.

Ta uku, ciwon mara. A wasu mata, musamman masu ƙanjamau, kumburin ya kan haura zuwa mahaifa da hanyoyin ƙwai. Sai mara ta riƙa ciwo, a yi zazzaɓi. Irin wannan kumburi in ya daɗe yana iya toshe hanya, haihuwa ta yi wuya.

Ta huɗu, ga namiji. Ko da ya ke yawancin maza ba su jin kome, a wasu ya kan kumbura hanyar fitsari, ko ya kai ga wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsara wadda likitoci ke kira furostet, ko jijiyar da ke bayan maraina.

Ta biyar, ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Hanyar da ta bi ita ce hanyar gwanoriya da tunjere. Shi ya sa in an same ta a jikin mutum, likita ya kan so a gwada sauran.

Ta shida ita ce ɓarnar zaman gida. Mace tana fama da wari da zafi, kunya ta hana ta faɗi. Ta fara gudun turaka. Miji ya ga kamar raini ne, ko ƙiyayya. Kishiyoyi su fara habaici. Kuɗin cefane ya tafi wajen masu lasifika. Auren da ƙwayoyin mako guda za su gyara, sai ka ji ya kai gaban iyaye.

6. Zuwa asibiti

Mutanen Muciya ba su da nisa da taimako. Mataki na fari shi ne asibitin sha-ka-tafi na unguwa, inda a ke awon ciki da rigakafin yara. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba. Akwai asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan cikin birni, akwai asibitin Wusasa, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, gaba da Samaru. Macen da ke jin nauyin namiji tana iya roƙo mace ta duba ta, ungozoma ko malamar asibiti.

Ga abin da za a yi. Za a yi tambayoyi: yaushe ya fara, wane launi, akwai ciki ko babu, mata nawa ne a gidan, wane magani a ka riga a ka sha. Sai a faɗi gaskiya duka. Abin da a ka faɗa wa ma'aikacin lafiya amana ce a wuyansa. Sa'an nan a kan sa ɗan tsinke mai auduga a lakato ruwan, a ɗiga a kan gilashi, a duba da madubi nan take tun ƙwaron yana motsi. Namiji kuwa a kan gwada fitsarinsa ko ruwan da ke fita.

Madubi ba ya kama ƙwaron kullum. Ya kan kuɓuce masa kusan rabin lokaci, balle a jikin namiji. Akwai gwaji na zamani da ya fi madubi gani, amma ba kowane asibiti ke da shi ba. Don haka in an sami ƙwaron a jikin matar, a kan ba mijin magani ko da gwajinsa bai nuna kome ba. A ƙananan asibitoci kuma, inda babu madubi, an koya wa ma'aikata su dubi alamomi su ba da magani bisa ƙa'ida.

Ranar zuwa asibiti, kada mace ta cusa kome ko ta wanke can ciki da sabulu, domin wannan ya kan ɓata gwajin.

7. Magani

Kakanninmu ba su sami maganin wannan cuta mai ƙarfi ba. Sai a wajen 1960 a ka fito da wata ƙwaya a ƙasar Faransa mai suna metronidazole, wadda mu ka fi sani da Flagyl. Akwai kuma 'yar'uwarta tinidazole. Suna da araha, suna kuwa kashe ƙwaron in an sha su yadda ya kamata.

Mace a kan ba ta ta sha sau biyu a rana, safe da dare, har kwana bakwai. Namiji a kan ba shi haka nan, ko kuwa a ba shi adadi mai yawa ya shanye gaba ɗaya. Likita ne zai faɗi ƙwaya nawa, gama ƙarfin ƙwayoyin ya bambanta, akwai mai lamba 200, akwai mai 400, akwai mai 500. Sayen biyu ko uku a kemis a sha kamar na zawo ba ya kashe wannan ƙwaro.

Ga ƙa'idodin sha:

(a) A shanye duka. Ƙaiƙayi ya kan tafi a kwana na biyu ko na uku, sai wasu su ajiye sauran. Wannan an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.
(b) A sha bayan an ci abinci. Ya kan sa ɗaci a baki kamar an tsotsi ƙarfe, wani ya ji tashin zuciya, fitsari ya yi duhu. Waɗannan su kan wuce in an gama. In kuwa jiki ya feso da ƙuraje, ko fuska ta kumbura, ko amai ya hana maganin zama, a koma asibiti.
(c) Likitoci su kan hana giya da burkutu lokacin shansa da 'yan kwanaki bayan an gama.
(d) Mai ciki da mai shayarwa su faɗa wa likita tun kafin ya rubuta.
(e) In azumi ne, a tambayi likita ko za a mai da shi sahur da buɗa baki.

Ku sani kuma, jan kafso da allurar fenisilin ba su taɓa wannan ƙwaro. Maganin cusawa na ƙaiƙayin kindirmo shi ma ba nasa ba ne. Zama cikin ruwan bagaruwa yana iya sa a ji sauƙi na ɗan lokaci, amma ƙwaron yana nan. Cusa kanwa ko garin magani ko ruwan wankin ciwo kuwa ƙona fatar ciki ya ke yi, ya ƙara tsagar da mu ka yi magana a kanta.

8. Misalin gida mai ɗaki uku

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kome muhimmanci a darasin nan. Mu ɗauki misali da gida mai mata uku. Uwargida ta ji ƙaiƙayi, ta je asibiti, a ka ba ta magani, ta shanye, ta warke. Maigida bai sha ba, don ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Ta tsakiya da amarya ba su ma san an yi ba.

To, ƙwaron yana jikin maigida. Ranar girkin ta tsakiya ya kai mata. Ranar girkin amarya ya kai mata. Da girki ya zagayo kan uwargida, sai ya mayar mata da abin da ta rabu da shi. Bayan sati uku ta ce maganin asibiti ba ya aiki, ta koma wajen mai lasifika.

A ce kuma maigida ya sha tare da uwargida, amma sauran biyun ba su sha ba. Kwana biyu ya ɗauko daga ɗakin amarya ya sake rarrabawa. Haka cutar za ta yi ta zagaya ɗakuna shekara da shekaru. Likitoci sun ƙidaya cewa cikin mutum biyar da su ka sha magani, wajen ɗaya ya kan sake kamuwa kafin wata uku, yawanci don abokin kwanciya bai sha ba.

Hanyar fita ɗaya ce. Maigida da matansa duka su sha magani a mako ɗaya, mai alama da marar alama. A dakatar da saduwa har kowa ya gama, alamomi kuma sun tafi. Wanda ya shanye nasa gaba ɗaya shi ma ya jira kwana bakwai. In an fara ran Asabar da safe, ran Jumma'a da dare an gama. Bayan wata uku matan su koma a sake dubawa, ko da suna jin lafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wannan aiki yana wuyan maigida. Shi ke shiga kowane ɗaki, shi ke da ikon tara iyalinsa, shi ke ba da izinin fita da kuɗin magani. In matarka ta kawo maka takarda daga asibiti an ce ka zo, ka tafi. Cewa lafiyata ƙalau ba hujja ba ce, gama mun riga mun ga bakwai cikin goma haka su ke ji. In kana jin nauyin tara su, ka gaya wa kowace a ɗakinta, ba sai ka faɗi wadda a ka fara samu a jikinta ba.

9. Kada a yi zargi

Da zarar an ji sunan cutar saduwa, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne, wa ya kawo ta? Sai ku yi hattara da wannan tambaya. Mun ce ƙwaron yana iya ɓuya watanni ko shekaru ba alama. Mace tana iya zuwa da shi daga gidan tsohon mijinta ba ta sani ba. Namiji yana iya samunsa daga matar da ya rabu da ita. Wadda ya fara nunawa a jikinta, ba lalle ita ce ta fara ɗauka ba. Babu gwajin da ke faɗin ranar da a ka ɗauka, ko wanda ya fara. Likita da kansa ba ya iya yanke wannan shari'a, balle makwabta. Zato zunubi ne.

Zargi yana da wata ɓarna kuma. In mata sun ga an saki wata don ta faɗi ciwonta, sauran za su yi shiru da nasu, cutar ta ci gaba da zagayawa. Gidan da mace ke iya gaya wa mijinta ciwonta ba tsoro, shi ne gidan da ke saurin rabuwa da ita.

10. Tsare kai

Miji da mata su tsaya ga junansu. Mutumin da ke fatauci ko tuƙi ko aiki nesa da gida ya tuna abin da ya ɗauko a waje ɗakin matansa zai sauke shi, har ya shafi ɗan da ke ciki. Kwaroron roba, in an sa shi daidai tun daga fari har ƙarshe, yana rage hatsarin ƙwarai. Mai shirin aure ko ƙarin aure, da bazawara mai shirin komawa ɗaki, in za su gwajin jini kafin ɗaurin aure su faɗa wa likita duk wata alama da su ke gani, a yi maganinta tun ba a tare ba. Mai ciki ta fara awo da wuri, ta faɗa wa ungozoma in ta ga sākewar ruwa. Wanda ya taɓa warkewa yana iya sake kamuwa, gama jiki ba ya riƙe garkuwarsa kamar ta ƙyanda, babu kuma allurar rigakafinsa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Kalmomin Rubutu

Ku rubuta kowace sau uku: ƙwaro, madubi, ƙaiƙayi, alama, bakwaini, mahaifa, ungozoma, gwaji, ƙwaya, zargi.

Tambayoyi

1. Faɗi cututtuka uku da mutane ke kira sanyi.
2. Ina wannan ƙwaro ya ke zama a jikin mace, ina kuma a jikin namiji?
3. Cikin mutum goma masu ɗauke da shi, nawa ne ba su jin kome?
4. Wace ɓarna ya ke yi wa mai ciki?
5. Ta yaya ya ke buɗe wa ƙanjamau ƙofa?
6. Don me uwargida ta sake kamuwa bayan ta shanye maganinta?
7. Don me ba a iya sanin wanda ya fara kawo cutar cikin gida?

Lissafi

1. Mace tana shan magani sau 2 a rana har kwana 7. Sau nawa za ta sha duka?
2. Mata 3 da mijinsu, kowa zai sha sau 2 a rana har kwana 7. In an haɗa, sau nawa ke nan?
3. Wata ta sha kwana 3 ta daina. Sau nawa ya rage mata?
4. An gama magani a farkon watan Maris. A wane wata za a koma a sake dubawa?

Ga Malami

A karanta wannan darasi a ajin maza dabam, a ajin mata dabam. Kada a tambayi ɗalibi labarin gidansa a gaban jama'a, kada kuma a yi misali da sunan kowa. In ɗalibi ya zo da tambaya a keɓe, a nuna masa hanyar asibiti, kada malami ya rubuta masa magani. In da hali, a gayyaci ungozoma ko malamin asibitin unguwa ya zo ranar da za a yi sashe na 6 da na 7.